Inda Abinci Ke Salwanta a Cikin Gida

A shekarar 2024 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa a cikin shekarar 2022 kaɗai an zubar da abincin da nauyinsa ya haura tan biliyan ɗaya a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 nasa daga gidajen jama'a ya fito. Mai karatu na iya zaton wannan matsalar ƙasashe masu arziki ce, to amma rahoton ya nuna bambancin da ke tsakaninsu da ƙasashe masu matsakaicin hali kaɗan ne, kuma asarar ta fi yawa a ƙasashe masu zafi. A irin waɗannan wurare ba kasafai uwargida kan zubar da abinci don ƙoshi ba. Lalacewa yake yi kafin a ci.

Asarar ba ta tsaya ga abin da ke cikin kwano ba. Kafin a sami kilo ɗaya na shinkafa, akan kashe kimanin lita 2,500 ta ruwa, ban da taki da gumin manomi da itacen girki. Idan kuma abincin ya ruɓe a juji, yakan fitar da iskar metan, wadda ke cikin iskokin da ke ɗumama duniya.

Galibin abin da ke lalata abinci mai rai ne: baktiriya, da fumfuna, da ƙwari. Duk suna bukatar danshi da ɗumi, yawancinsu kuma suna bukatar iskar oksijin. Idan aka hana su ɗaya daga cikin waɗannan, sai abinci ya daɗe. Shanya kuɓewa da kauɗar tumatir, da yin kilishi, dabarun raba abinci ne da ruwansa, kuma kakanni sun ƙware a kansu tun kafin a ga baktiriya a madubin likita. Sai dai shanyar ta zama cikakkiya, domin gyaɗa ko masarar da aka ajiye da sauran danshi takan yi fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda ke illata hanta, kuma dahuwa ba ta kawar da ita.

Batun wake ya fi ban sha'awa. Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake, abinci mai gina jiki da ya fi nama araha nesa ba kusa ba, wanda kuma saiwarsa ke ƙara wa ƙasa sinadarin nitirojin. Babban abokin gabarsa wani ɗan ƙwaro ne da ke manna ƙwai a jikin ƙwayar waken. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe takan kutsa ciki ta yi ta ci, bayan kamar mako uku zuwa huɗu ta fito a matsayin ƙwaro, ta bar rami, ta sake sabon ƙwai. Cikin 'yan watanni buhu guda kan koma gari da ɓawo. Tsoron haka ya sa wasu ke barbaɗa wa wake maganin ƙwari mai guba, abin da ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Abin tambaya shi ne, wanda aka hana ƙetarawa da shi, wa ke cin sa?

Maganin da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samo tare da takwarorinsu na Marwa a Kamaru, aikin da aka faro a ƙarshen shekarun 1980, ba ya bukatar guba ko kaɗan. Buhu ne mai hawa uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Ƙwarin da ke ciki su da kansu ke shaƙe oksijin ɗin da ya rage, daga nan su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu. Tun daga 2007 aka fara yaɗa shi da sunan PICS. Jarka ko duro mai murfi mai toshewa na yin irin wannan aiki, muddin an cika shi taf kuma ba a buɗe shi kullum ba.

Kayan miya kuwa zafi ne ke cin su, ga shi ba kowane gida ke da firiji ko tsayayyar wutar lantarki ba. A shekarun 1990 wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, har ta sa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa mai iska. Kowane giram na ruwan da ya tsattsafo ya zama tururi yakan tafi da kimanin jul 2,400 na zafi, daidai yadda randa ke sanyaya ruwa da yadda gumi ke sanyaya jiki. An ruwaito cewa yalo kan kai kwana 27 a ciki maimakon kwana 3. Ta fi aiki da rani da hunturu. Da damina, lokacin da iska ke cike da danshi, sanyinta kan ragu.

Saura dafaffen abinci, kuma a nan ne tattali ke iya zama haɗari. Ɗumame al'ada ce mai kyau wadda ta ceci tuwo mai yawa daga juji, amma tana da sharaɗi. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Salshiyos baktiriya ke hayayyafa, kuma wasunsu kan rabu biyu duk minti 20. Ɗalibin da ya yi lissafin zai ga cewa ƙwaya ɗaya tak na iya haura miliyan 2 cikin awa 7, wato daga bayan sallar isha'i zuwa kusan asuba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye cikin ɗumin ɗaki, kuma in za a ɗumama, ya yi zafi sosai har cikinsa. Shinkafa ce mafi wuyar sha'ani. Akwai baktiriya mai suna Bacillus cereus da ke tsira daga tafasa, ta hayayyafa a shinkafar da ta kwana, ta kuma bar guba mai sa amai wadda ɗumamawa ba ta kashewa. Saboda haka a gidan da babu firiji, abin da ya fi shi ne a auna gwangwanin da iyali ke cinyewa kafin a ɗora tukunya, in kuma an sami saura, a miƙa wa maƙwabci ko almajiri tun da zafinsa.

Malamin kimiyya na iya gwada dabarar tukwanen a aji da tukunya biyu, da yashi, da ma'aunin zafi biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ɗalibai su riƙa rubuta awon da safe da azahar har mako guda a watan Maris, sannan su maimaita a watan Agusta su kwatanta.