Intervale: Tashar da Aka Ƙone, Mutanen Unguwa Suka Hana a Rufe Ta

Da wuya a sami layi a Nima ko a zangon Kumasi wanda ba shi da ɗa ko jika a Bronx, can arewacin birnin Niyok na Amurka. Idan suka zo gida sukan ba mu labarin jirgin ƙasa wanda yake gudu a saman titi, motoci da mutane na wucewa a ƙarƙashinsa, ƙararsa kuma tana hana a ji maganar juna sai ya wuce. Yawancin 'yan'uwan namu suna zaune ne ta yammacin Bronx. Amma tashar da za mu ba da labarinta yau tana ta kudu, a unguwar Longwood, inda titin Intervale ya haɗu da titin Westchester.

An buɗe hanyar jirgin da ta bi saman titin Westchester ran 26 ga Nuwamba 1904, a kan ginshiƙan ƙarfe. A lokacin babu tasha a Intervale. Jirgi yakan tashi daga tashar Prospect ya zarce sai tashar Simpson. Da gidaje suka yi yawa a tsakani, sai aka cusa sabuwar tasha, aka buɗe ta ran 30 ga Afrilu 1910. Ta ci dala dubu 100, kuma kuɗin bai fito daga baitulmalin birni ba, masu zaman kansu ne suka biya. Ita ce tasha ta farko a Bronx da aka sa wa matakala mai tafiya da kanta. Kuɗin shiga jirgi a zamanin nan santi 5 ne, haka ya tsaya har 1948.

To, sai zamani ya juya. A shekarun 1970 kudancin Bronx ya zama wurin gobara. Masu hali suka ƙaura, masu gidajen haya suka yi watsi da gine-ginensu, wasu ma suka cinna musu wuta don su karɓi kuɗin inshora. Ofishin 'yan sanda na titin Simpson, wanda ba shi da nisa da tashar, har laƙabi aka yi masa, Fort Apache, aka kuma yi fim da sunan a 1981. A watan Oktoba 1977 Shugaba Jimmy Carter ya zo ya tsaya cikin kangayen titin Charlotte, duniya ta ga hoton. Waɗanda suka rage a unguwar talakawa ne, baƙaƙen fata da mutanen Puerto Rico, kuma da yawansu ba su da mota. Jirgin nan shi ne ƙafarsu.

Ran 15 ga Maris 1989 wasu mutum uku suka zo fashi a ɗakin da ake sayar da tokin, wato ɗan ƙarfen nan mai kama da kwabo da ake jefawa a ƙofa kafin a shiga, wanda a lokacin dala 1 ne. Fashin bai yiwu ba, sai suka sa wuta. Ginin tashar na katako ne tun na 1910, nan da nan ya kama. Allah ya kiyaye, ma'aikacin da ke ciki bai ji mummunan rauni ba. Su kuwa ɓarayin suka gudu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalinmu. Hukumar sufurin birnin ta duba taswira, ta ga Prospect na nan kusa, Simpson ma na nan kusa, sai ta fara shawarar rufe Intervale ɗungurungum. A kan takarda maganar tana da kan gado. Amma wanda ya auna tazara da rula a ofis bai san tsawonta ba ga tsohuwa mai ciwon gwiwa a cikin ƙanƙara, ko ga ma'aikaciyar asibiti da ta taso aiki da tsakar dare a unguwar da ake tsoro. Ga kuma masu kantuna na ƙarƙashin tashar, waɗanda cinikinsu daga masu sauka jirgi yake. Mutanen unguwa suka tashi tsaye, suka yi ta hayaniya har hukuma ta janye.

Fiye da shekara uku jirage suna wucewa ba su tsayawa. Ran 21 ga Afrilu 1992 aka sake buɗe tashar. Wannan karon ba katako: ginin na kankare ne, tagoginsa na tubalin gilashi, rumfunan dakalin jiran jirgi kuwa na ƙarfe. A ciki an manna zane na ƙananan duwatsu masu launi, aikin wani mai zane Michael Kelly Williams, mai nuna jirgin a ƙarƙashin ƙasa da kuma a sama. Layukan dogo uku ne a wurin. Jirgi mai lamba 2 yana tsayawa dare da rana. Mai lamba 5 kuwa, a lokacin cunkoson safe da yamma yakan bi layin tsakiya ta ɓangaren da jama'a suka fi yawa, ya wuce bai tsaya ba. Tokin ɗin da aka ƙone tashar dominsa an daina amfani da shi tun 2003.

Mu a nan mun san yadda tasha take mutuwa ba tare da gobara ba. Dogo ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, na Ankara ya haɗe a 1923, kuma kakanninmu 'yan goro sun ci moriyarsa. Yau jirgin fasinja ba ya zuwa Kumasi, 'yan tebur sun daɗe da baje kaya a kan layin. Ba mu tuna ranar da aka yi shelar rufewa ba, jirgin dai ya yi ta raguwa ne har aka daina jiransa, muka koma tashar lori.