Attajiran Holan sun bar zanen bukinsu, mu fa?

Ɗan kasuwar Madawa ya san ƙasar Holan ta hanya biyu: atamfarta da amare ke nema a lefe, da albasarta da ke gogayya da tamu a kasuwannin Abijan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda attajiran can suka kashe ribarsu a ƙarni na 17, lokacin da jiragen kamfaninsu na 1602 ke kwaso kayan yaji daga gabas.

Sun sayi zane. Masu zane irin su Dirck Hals na birnin Harlem da Jan Steen sun riƙa zana taron nishaɗi: samari da ƴan mata cikin ado, abinci bisa tebur, wani na kaɗa molo, wata na rera waƙa. Malaman kiristansu ba su cika son wannan sharholiya ba, shi ya sa mai zane kan ɓoye gargaɗi a lungu, kamar ƙaramar tulu da ta kife ko katin caca a ƙasa. Amma kayan kiɗin an zana su da kulawa ƙwarai, har masu gyaran tsofaffin kayan kiɗi na duba su a yau don sanin yadda ake riƙe su. Darajarsu kuwa ta kai ga sata: a 1990 ɓarayi suka ɗauke zanen makaɗa uku na Vermeer daga wani gidan tarihi a Boston ta Amurka, har yanzu ba a gan shi ba.

Nan Adar buki bai gaza nasu armashi ba. Wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure a Buza ko Kaita bayan kaka ya ga kalangu, ya ji goge da gurumi, ya ga jikka-jikka na sauka a goshin makaɗi. Sai dai kuɗin liƙi da gari ya waye sun bi iska. Makaɗin ya tsufa, ɗansa ya tafi bida, amsa-kuwwa ta gaje filin.

A Yamai, cibiyar kiɗi ta Alhaji Taya ta adana kayan kiɗinmu, madalla. Amma goge a rataye ba ya nuna wa yaro yadda ake zama da shi, ko wa ke tsaye bayan mai shi da ƙwarya. Kuɗin buhun albasa kaɗan sun isa a ɗauki mai zane ko mai hoto ranar buki, a ce masa ya juya wajen makaɗa, ba wajen manyan baƙi kaɗai ba.