Injin da wayarka ba za ta iya karantawa ba

Akwai wata 'yar na'ura ta Bluetooth mai suna ELM327 da ake yayi. A soke ta ƙarƙashin sitiyari, a buɗe manhaja a waya, mota ta faɗi ciwonta da kanta. Amma a kai ta garejin Funtua ko Malumfashi lokacin kaka, a tsaya gaban tsohuwar akori-kura Peugeot 504 da ke jigilar masara zuwa kasuwar Dandume, ko ramin da za a soke ta ba za a samu ba. Tsarin OBD-II da na'urar ke magana da shi sai a 1996 ya zama dole a Amurka, ita kuwa Peugeot tun 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna.

Taraktocin yankin galibinsu na dizal ne, ba su da fulogi, don haka wannan batu bai shafe su ba. Waɗanda ya shafa su ne masu shan fetur: tsofaffin taraktoci irin Ferguson TE20 da aka ƙera daga 1946 zuwa 1956, da waɗannan motocin dako da har yanzu ke ɗauke da amfanin gona.

Aikin da kwamfuta ke yi a sabuwar mota, a nan distiributa ce ke yin sa da ƙarfe da sifirin. Ita ke yanke lokacin da fulogi zai ba da wuta, abin da kanikawa ke kira taimin. Fetur ba ya ƙonewa nan take, saboda haka dole wutar ta zo kafin fistan ya kai ƙololuwa da 'yan digiri kaɗan. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana buƙatar tartsatsi 100 a daƙiƙa ɗaya, kowanne a kan lokacinsa. Idan wuta ta makara, inji ya yi sanyin jiki, ya ɗau zafi, ya yi ta zuƙar mai, wanda tun cire tallafi a Mayun 2023 ba abin wasa ba ne. Idan ta yi gaggawa kuma, sai a ji ƙwanƙwasa a hawa da kaya, kuma wannan ƙarar tana iya huda fistan a tsakiyar kaka.

Saitin kansa ba ya son komai sai sifana da ƙwan fitila mai bolt 12. Ana fara gyara tazarar kwantak, wajen milimita 0.4 a yawancin irin waɗannan injuna. Wanda ya tsallake wannan ya yi aikin banza, domin tazarar na sauya taimin. Sai a juya inji da hannu har alamar da ke jikin fuli ta zo daidai, silinda ta ɗaya tana kan matsa iska. A haɗa ƙwan tsakanin wayar da ta taso daga koyil zuwa distiributa da jikin inji, a murɗa makulli, a sassauta ƙusar distiributa, a juya ta a hankali saɓanin yadda rota ke juyawa. Daidai inda ƙwan ya kama, nan kwantak ya buɗe. A ɗaure.

Da yawa cikin kanikawa da kunne suke yi, kuma ƙwararru kan kusanta ƙwarai. Sai dai kunne yakan zaɓi inda inji ya fi daɗin ƙara a tsaye, alhali gwajin gaskiya yana kan hanya, da buhuna a baya.

Inda waya ke da rana shi ne kafin a taɓa sifana. Adadin digirin ya bambanta daga inji zuwa inji, kuma littattafan gyaran waɗannan injuna suna nan a intanet. Yaron gareji mai data zai iya nemo wa maigidansa lambar, ya kuma ɗauki hoton yadda distiributa da wayoyin fulogi suke kafin a kwance, don kada a rikita jerin 1-3-4-2 wajen mayarwa.