AIKI DA GODIYA: Darasi Daga Gonakin Malumfashi

Idan aka gai da Bahaushe aka ce masa "yaya aiki?" amsar da ke bakinsa ita ce "aiki da godiya." In aka tambaye shi ruwa, sai ya ce ruwa ya yi gyara, ko da kuwa daren jiya ya rushe masa katanga. Wannan magana ta zama mana jiki, har yawancinmu mukan faɗe ta zuciya ba ta san abin da baki ya ce ba. Amma a ƙasar noma ta Malumfashi da Funtuwa akwai lokaci guda cikin shekara da ake ganin godiya da ido, a kuma ƙidaya ta da hannu, watau lokacin kaka.

Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, tana cikin yankin da ya yi suna wajen noman dawa da auduga. A cikin 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara a ƙauyukan wannan yanki, har masara ta zama abin da ake lodawa a manyan motoci. Duk da haka dattawan da suka ga farin 1973 ba su manta ba cewa taki da iri ba su saukar da ruwa. Manomi yakan yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noman firi da maimai, sa'an nan ya ɗaga kai sama ya jira abin da ba shi da iko a kansa. Wanda ya yi irin wannan jira shi ya san nauyin kalmar Alhamdu lillahi.

DAMI ƊAYA CIKIN GOMA

Bayan an girbe dawa an ɗaure, maigida yakan tsaya da kansa a ƙidaya dammuna. Duk goman da aka ƙirga sai a ware ɗaya a ajiye gefe, tun ba a kai saura rumbu ba. Wannan ita ce zakkar amfanin gona. Shari'a ta ɗora kashi ɗaya cikin 10 a kan abin da ruwan sama ya shayar, da kashi ɗaya cikin 20 a kan abin da aka sha wahalar ban ruwansa, muddin amfanin ya kai nisabi, watau sa'i 300. Suratul An'am ta yi umurni a ba da hakkin amfanin gona ranar girbinsa, kuma hikimar da ke ciki a fili take: abin da ya riga ya shiga rumbu, fitarsa da wuya.

Zakka wajibi ce, amma a gefenta akwai ƙananan ayyuka waɗanda ba mai tilasta wa kowa. Wani yakan ɗebi tiya guda daga sabon hatsi ya aika wa tsohuwar da ba ta da mai yi mata noma, kafin iyalinsa su ɗanɗana. Wani kuwa in ya rufe rumbu sai ya yi alwala ya sallaci nafila raka'a biyu shi kaɗai. Malaman mazhabar Malikiyya sun fi son wannan nafila bisa ga sujada guda ta godiya, wadda wasu mazhabobi suka ɗauka mustahabbi ce. Kazalika Hausawa Kirista na wannan yanki sukan kai wani abu daga amfanin gonarsu majami'a ranar godiyar kaka. Abin da ya haɗa waɗannan ayyuka duka shi ne suna da lokaci sananne, suna da adadi, kuma mutum yana rabuwa da wani abu nasa.

MA'AIKACI DA ƊAN MAKARANTA FA?

Mai karatu yana iya cewa shi ba shi da gona, balle dami. Gaskiya ne, amma yana da kaka irin tasa. Ta ma'aikaci takan zo ƙarshen wata, ta ɗalibi kuwa ran da aka liƙa sakamakon jarrabawa. Bambancin shi ne albashi yakan shigo ba a ga saukarsa ba, ya fita ba a ga tafiyarsa ba, sai a wayi gari ba abin da ya rage a baki sai ƙorafi.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun duba wannan al'amari. A cikin 2003 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun buga sakamakon wani gwaji inda aka sa wasu ɗalibai su riƙa rubuta abubuwa har biyar da suke godiya a kansu kowane mako, wasu kuma su riƙa rubuta abubuwan da suka dame su. Bayan mako 10, masu rubuta ni'ima sun fi bayyana gamsuwa da rayuwarsu. Ashe abin da aka ƙidaya shi zuciya take riƙewa.

Sabo da haka hanyar ba mai tsawo ba ce. Tahmidin nan 33 da ake ja bayan kowace salla, ko sau ɗaya a yini mutum ya sassauta yatsa, ya kawo ni'ima uku a ransa da sunansu: ciwon da ya warke, bashin da aka biya, yaron da ya dawo daga makaranta lafiya. Ran da albashi ya shigo kuwa, ya yanke wani abu tsayayye, kome ƙanƙantarsa, ya fitar a ranar, tun kuɗin ba su shiga rumbu ba. Wannan sadaka ce, ba ta ɗauke zakkar dukiya ga wanda ta hau kansa. Ɗalibi kuma ya tuna da malamin firamarensa, ya je ya gaishe shi.

GODIYA BA TA HANA NEMAN HAKKI

Lalle ne a faɗi wani abu a nan, domin akan fake da "a gode wa Allah" don a rufe bakin mai ƙara. Mutanen kudancin Katsina sun ga jarrabawa. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a watan Agusta na 2025 kuma aka kai wa masallata hari da asuba a Unguwar Mantau cikin ƙasar Malumfashi. Manomin da ya fitar da daminsa na goma a irin wannan hali yana da cikakken hakkin ya tambayi hukuma tsaron gonarsa, kamar yadda ma'aikaci yake da hakkin neman albashinsa kan kari. Godiya ta Ubangiji ce, bayani kuwa yana wuyan wanda aka ba amana.

Suratu Ibrahim ta yi alkawarin ƙari ga mai godiya. Saura ga ma'aikaci da ɗalibi kowa ya san ranar kakarsa, ya kuma san daminsa na goma. Allah ya sa mu cikin bayinsa masu godiya, amin.