Yusef Lateef: Gwanin jazz da ya bar Amurka ya zo Zariya koyon sarewa

A shekarar 1981 wani baƙar fatar Amurka mai kimanin shekara sittin ya sauka a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A ƙasarsu sunansa ya riga ya yi tambari, domin ya yi busa tare da manyan makaɗan jazz irin su Dizzy Gillespie da Charles Mingus da Cannonball Adderley. Abin da ya kawo shi Zariya kuwa shi ne sarewar Fulani, wadda makiyaya ke busawa a bayan shanu. Shekara huɗu ya yi a can, har zuwa 1985, yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Najeriya ta jami'ar.

Sunansa Yusef Lateef. Yana cikin mutanen farko da suka buɗe wa jazz ƙofa ya haɗu da kaɗe-kaɗen Larabawa da Indiya da Sin da Afirka. Yau irin waɗannan ƙungiyoyi sun cika duniya, wasu sun ƙware, wasu kuwa kwaikwayo kawai suke yi. Tarihin Lateef ya nuna inda bambancin yake.

Mene ne ma jazz ɗin?

Jazz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, musamman a birnin New Orleans. Ginshiƙinsa shi ne ƙirƙira nan take. Ƙungiya takan fara da wani ɗan karin sauti da kowa ya sani, sai a sakar wa mutum ɗaya fili ya yi ta sarrafa shi yadda ransa ya ba shi, sauran suna riƙe masa kiɗa. In ya gama wani ya karɓa, a ƙarshe a komo kan karin farko a rufe. Shi ya sa waƙa ɗaya in an kaɗa ta yau, gobe ba za ta fito iri ɗaya ba.

Wannan ai ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Marigayi Mamman Shata ya shahara da tsara waƙa a tsaye a gaban jama'a, 'yan amshi na riƙe da gindin waƙa, masu kalangu na ba shi amsa. Gindin yana nan daram, 'ya'yan waƙar ne ke canzawa gwargwadon wanda ke wurin da abin da ya faru. To, haka jazz yake, sai dai a can kayan busa da fiyano ne ke yin maganar.

Daga Detroit aka fara

An haifi Lateef a 1920 a jihar Tennessee, ya tashi a Detroit, birnin masana'antun motoci. Sunansa na yanka William Huddleston, ya canza shi ne bayan ya musulunta wajajen 1950. Saksafon ya fara ƙwarewa a kai, daga baya ya ƙara da sarewar Turawa da obo, wani abin busa mai murya kamar ta algaita.

A tsakiyar shekarun 1950 ya kafa ƙungiyarsa a Detroit, ya shiga shigo da kayan da ba a saba ji a jazz ba. Akwai argul, abin busa na kara da ake amfani da shi a Masar, akwai shenai na Indiya, mai riƙe masa kiɗan ƙasa kuma, Ernie Farrow, yakan ajiye babbar gogen Turawa ya ɗauki rababa. A wani faifai na 1957 har da kwalbar lemo da balan-balan aka yi kiɗa. A faifansa mafi shahara, Eastern Sounds na 1961, ya buɗe da wani ɗan abin busa na yumɓu daga ƙasar Sin, mai siffar ƙwai, wanda 'yan sautuka kaɗan kawai yake iya fitarwa.

A nan aikin yake. Fiyano yana da sautuka goma sha biyu da ake ta maimaitawa daga ƙasa zuwa sama, kuma jazz na wancan lokaci yana tsalle daga wannan rukunin sauti zuwa wancan da sauri. Argul ko algaita ba su iya wannan tsere, ga shi kuma wasu sautukansu suna faɗawa ne a tsakanin maɓallai biyu na fiyano. In aka haɗa su da ƙarfi, sai kunne ya ji kamar ɗaya ya kauce. Dabarar da su Lateef suka yi ita ce su rage tsallen: a zauna a kan sauti ɗaya mai tsawo a ƙasa, fiyano ya ja baya, a bar baƙon abin busa ya yi magana da harshensa. Wato ƙungiyar gaba ɗaya ce ta canza tafiya domin ta ba baƙo wuri.

Zaman Zariya

Lateef ba makaɗi kawai ba ne, malami ne. A 1975 ya sami digirin digirgir daga Jami'ar Massachusetts, bincikensa kuwa a kan ilimin boko da ilimin Musulunci ne. Wajajen lokacin da ya zo Najeriya ya riga ya daina wasa a wuraren da ake sayar da giya, abin da ba ƙaramar sadaukarwa ba ce ga mai jazz, tunda a irin waɗannan wurare ne akasarinsu ke samun abinci.

Kalmar jazz ɗin ma ba ya son ta, yana ganin an ɓata ta da ma'anoni na raini. Ya ƙirƙiro tasa kalmar da ke nufin kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa.

A Zariya ya zauna da mabusa da makaɗa, ya yi tambayoyi, ya rubuta. Daga zaman ne aka sami faifai biyu: Hikima, wanda ya yi da makaɗa da mawaƙan da ya tarar a can a 1983, da In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas a shekarar, inda saksafon da sarewarsa ke hira da ganguna ba tare da fiyano ba. Sannan shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi a kan kiɗa da wasannin Hausawa a 1987. Kun ga ke nan mutumin bai ɗauka ya tafi kawai ba, ya bar abin da ɗalibi zai buɗe ya karanta.

Ba shi kaɗai ba ne

Hanyar ba ɓangare ɗaya take bi ba. Guy Warren na Ghana, wanda daga baya aka sani da Kofi Ghanaba, ya ɗauki ganga mai magana irin kalangu ya kai ta Amurka, ya fitar da faifan Africa Speaks, America Answers a 1956. Randy Weston, mai fiyano ɗan New York, ya ziyarci Legas a 1961, daga baya ya zauna a Tanja ta Maroko shekaru da dama yana koyo a wurin makaɗan Gnawa, jikokin bayin da aka tsallaka da su Sahara daga Afirka ta Yamma.

Shi kuma Lateef, daga 1988 har ƙarshen rayuwarsa, babban abokin aikinsa shi ne Adam Rudolph, makaɗin ganguna da ya yi zaman koyo a Ghana, ya kuma kafa ƙungiya a Chicago tare da Foday Musa Suso, mai kaɗa kora ɗan Gambiya. Rudolph yana da wata babbar ƙungiya, Go: Organic Orchestra, mai makaɗa masu yawa daga al'adu daban-daban. Ba a rubuta musu waƙa daga farko zuwa ƙarshe. Kowa na da takarda mai jerin sautuka da salon kiɗa, shugaba na nuni da hannu: kai shigo, ke tsaya, ku ukun nan ku amsa masa. Ana kaɗawa ana tsarawa. Lateef ya yi busa da su yana da shekara fiye da tamanin.

Ina aka bar masu sarewar?

Lateef ya ci kyautar Grammy a 1988, Amurka ta ba shi lambarta mafi girma ta jazz a 2010, ya rasu a watan Disamban 2013 yana da shekara 93. Faifansa na nan a intanet, matasa a Turai da Japan na nemansu.

Amma fa akwai tambayar da ta rage mana. Yau mai kwamfuta a Landan ko Paris zai iya yanko busar algaita ta daƙiƙa biyar ya liƙa a waƙarsa ba tare da ya san sunan mabushin ba, balle ya biya shi. Ana kiran wannan ma haɗa al'adu. Abin da Lateef da Weston suka yi daban ne: sun zauna shekaru, sun durƙusa a gaban masu abin a matsayin ɗalibai.

A namu ɓangaren kuwa, a zango-zango da unguwannin Hausawa, bikin da a da sai an kira masu kalangu da algaita yanzu lasifika da kiɗan fiyano sun wadatar. Yaron da ubansa mabushi ne yakan ga sana'ar ba ta da gaba, sai ya kama wata. Sarewar da dattijo ya tsallako teku domin ya koya tana nan a hannun makiyaya da tsofaffin mabusa, kuma mai son koyo a cikinmu ba ya bukatar biza kafin ya same su.