Tsohuwar Wuƙa: Yadda Ake Gane Inda Ta Fito

Gidaje da dama a Unguwar Sarki, Unguwar Rimi da Kawo na Kaduna ba sa rasa tsohuwar wuƙa ta gado a ƙasan akwati. Wani ya ce ta Buzaye ce, wani ya ce kaka ne ya zo da ita daga Makka. Masana kayan tarihi kuwa ba sa saurin yanke hukunci, domin wuƙa abu uku ce: ruwa, ƙota da kube, kuma kowannensu yana iya fitowa daga ƙasa dabam.

Tarihin Kano ya tabbatar da haka. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga birnin a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takubba wajen 50,000 duk shekara, akasarinsu ƙirar Solingen ta Jamus. A lokacin, a Kano ake yi musu ƙota, dukawa su ɗinka kube, fatake su bazu da su. Takobin da ya karye ma ba a yar da shi, maƙeri yakan wasa guntun ya mai da shi wuƙa. Ke nan ruwan na iya zama Bajamushe alhali sauran jikin Bakano ne.

Daga ruwan ake fara dubawa. Ƙarfen da aka narko daga tama yakan nuna siraran layuka baƙaƙe na ragowar kashin tama, ga sawun guduma nan da can. Wanda aka yanko daga sifirin mota sumul yake, kuma ba zai girmi zuwan mota ƙasar nan ba. Sai tambari: hoton kyarkeci a guje na maƙeran Passau da Solingen ne, haka jinjirin wata mai fuska. Amma a yi hattara, domin maƙeranmu sun daɗe suna kwaikwayon jinjirin watan nan don masu saye sun yarda da shi. Na asali da hatimi ake buga shi, ya fito tsaf. Na kwaikwayo sau da yawa a karkace yake.

Ƙota da kube su ne suka fi faɗin gaskiya. Wuƙar hannu ta Buzaye tana da ƙota mai siffar gicciye, da zoben fata a jikin kube wanda ake zura hannun hagu a ciki. Ta Tubawa a damtse ake ɗaura ta. Kwalliyar farin ƙarfe da tagulla mai zanen furanni takan nuna hannun maƙeran Bida, jar fata da adon korino kuwa aikin dukawan ƙasar Hausa da Agadas ne. Idan ruwan mai faɗi ne, lanƙwasasshe, da tudu a tsakiyarsa, to jambiya ce ta Yaman, irin wadda alhazai kan yo tsaraba.

Babbar ɓarnar da ake yi ita ce gogewa. Mai wuƙa ya ga tsatsa, sai ya sa yashi ko dutsen wasa ya kankare ta har ta yi ƙyalli, tambari da rubutu su tafi. A share ta da busasshen tsumma kawai, a raba ta da danshi, sannan a rubuta abin da dattawan gida suka sani: wa ya mallake ta, ina ya zauna, yaushe.

Mutanen Kaduna ba su da nisa da masana. Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa yana kan titin Ali Akilu tun 1975, Gidan Arewa kuma yana titin Rabah. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana fitar da irin waɗannan kaya waje ba tare da izini ba. Kafin dillali ya taya wuƙar kakanka, kai ta a duba maka, ka san abin da ke hannunka.