Man Mota Daga Karan Hatsi: Batun Tsadar Sinadarin Narkarwa

Ya kamata Hakimai da Malamansu su san cewa a waɗansu ƙasashe ana yin man mota, wanda ake kira etanol, daga karan masara da tukar rake. A cikin kara akwai sukari, amma a ɗaure yake tam cikin zare mai tauri. Sai an kwance shi tukuna a tsima shi, sa'an nan a tace mai. Abin da ke kwance shi wani sinadari ne da ake kira enzayim, irin wanda ke sa gara ta iya cin itace.

An gano tushensa ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da wata fumfuna ta riƙa cinye tantunan auduga na sojan Amurka a Tsibiran Solomon. Masana biyu, Elwyn Reese da Mary Mandels, suka yi shekaru suna nazarinta a garin Natick. Har yau jikokin fumfunar nan ake kiwo cikin manyan tankuna, ana ɗibar sinadarin da suke fitarwa.

To, wahalar ita ce tsada. Kafin shekarar 2000, enzayim ɗin da za a yi galan guda na mai da shi yakan ci wajen dala 5, ya fi man kansa kuɗi nesa. Gwamnatin Amurka ta haɗa kai da kamfanonin Genencor da Novozymes, cikin 'yan shekaru kuɗin ya faɗo ƙasa da rabin dala. An yi haka ta wurin zaɓen fumfuna mai yawan bayarwa, da ciyar da ita abinci mai araha, da kuma turara karan da zafi domin enzayim ya ratsa shi da sauƙi.

Duk da haka riba ba ta tabbata ba. Ma'aikatar DuPont da aka buɗe a Iowa cikin 2015 ta tsaya cikin 2017, domin tara kara da dakonsa da gyara shi ma kuɗi ne. A Barazil aikin ya fi tafiya, da yake tukar rake a bakin injin take.

A ƙasar nan kuwa kara ba shara ba ne. Shi ne darni, shi ne makamashi, shi ne abincin shanu da rani. Idan wani ya zo da maganar sayensa da yawa, sai Hakimi ya fara tambayar Dagatai abin da zai rage wa talakawa da dabbobinsu.